Sandar Da Ke Hana Mota Tangaɗi: A Gyara Ta, Ko A Ƙara Mata Kauri?

Duk shekara in Salla ta ƙarato, hankalin 'yan Arewa mazauna Kudu yakan koma gida. Daga Agege da Idi-Araba da Mil 12 a Legas, da Sabo ta Ibadan, har zuwa Anaca da Fatakwal, sai a ga ana ta ɗaure kaya ana cigiyar mota. Wanda zai tafi Gombe daga Legas kuwa, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a gabansa, shi da iyalinsa da tsarabarsa. Waɗansu motar tasu ce ta kansu. Waɗansu kuma Allah ya hore musu sun sayi ta haya sun aika gida, wani ƙane ko ɗan 'yar'uwa yana ja, ana aiko musu da abin da aka samu.

To, a garejin kanikawa na bakin hanya, a Unguwar Madaki da sauran unguwannin Gombe kamar Pantami da Bolari da Jekadafari, akwai wani kuka da direbobin doguwar hanya suka saba kawowa, watau mota tana tangaɗi in an shiga kwana, tana kwantawa gefe guda kamar za ta kife. Shawara iri biyu mai mota kan ji game da wannan. Ta farko tsohuwa ce: in wata sanda da ke ƙarƙashin motar ta dame shi da ƙara, a kwance ta a ajiye, a huta. Ta biyu kuwa sabuwa ce, samari ne ke ganinta a bidiyon masu tseren mota a wayoyinsu: a cire sandar baya, a sa wadda ta fi ta kauri, mota za ta riƙe hanya. Dukansu biyu suna iya jawo asarar rai, saboda haka ya kyautu mai mota ya san abin da ake taɓawa kafin ya aika da kuɗin gyara.

Mece ce wannan sanda?

Kanikawa suna kiranta sitabilaiza. Sanda ce ta ƙarfe wadda ta ratsa mota daga hagu zuwa dama, an lanƙwasa bakinta biyu kamar ƙahon sa. Tsakiyarta tana ɗaure a jikin shasi da maɗauri biyu, kowanne da roba a ciki wadda ake kira bushin. Bakunan nan biyu kuwa kowanne yana haɗe da ƙafar taya ɗaya ta wani ɗan guntun ƙarfe mai gaɓa, shi ne linkej. Kusan kowace mota ta zamani tana da ita a gaba, da yawa kuma suna da wata siririya a baya. Ba sabuwar dabara ba ce, gama tun a shekarar 1919 wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi rajistar ƙirƙirarta.

Aikinta yana da sauƙin ganewa. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, misali tudun nan da ake yi a titi don a rage gudu, sandar takan juya gaba ɗaya cikin robobinta, ba ta yin komai. Amma in mota ta shiga kwana, jikinta yakan rinjaya waje, tayar waje ta danne, ta ciki ta saki. Nan ne baki ɗaya na sandar zai yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, sai ta murɗe kamar yadda mai wanki ke matse riga. Da yake ƙarfen irin na sifirin ne, ba ya yarda da murɗiya, sai ya yi ta ƙoƙarin warwarewa, da haka yake tallafe jikin mota ya rage mata kwanciya.

Amfanin wannan ba kaɗan ba ne. Motar da ba ta kwantawa da yawa tayoyinta sukan zauna daram a kan kwalta, sitiyari kuma ya amsa da wuri in direba ya kauce wa rami ko dabba. Saboda haka wanda ya kwance sandar don ta daina ƙara ya yi gyaran gangar Auzinawa. Ƙarar da yake ji ba daga sandar take ba, daga robar da ta cinye ne ko linkej da ya saki, waɗanda suna cikin mafi arahar kayan ƙafar mota.

Abin da Fijo ta koyar

Dattawan direbobin Gombe ba su manta da zamanin Peugeot 504 ba, wadda kowa ya sani da Fijo. A Faransa aka fara fito da ita a 1968. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da harhaɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. A shekarar 1975 ɗin nan ce kuma 504 ta ci gasar tseren Safari a Kenya, ta ci ta Maroko, ta ci ta Bandama a ƙasar Kwaddebuwa, duk a kan hanyoyin ƙura da gargada. A lokacin Gombe ba ta zama jiha ba, sai a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Jihar Bauci, amma tun can Fijo ce ke jigilar mutanenta zuwa Bauci da Jos da Kano da Yola.

Abin lura game da Fijo shi ne, suna ɗaya ne amma ƙafar baya iri-iri ce. Ƙaramar ta shiga, galibinta kowace tayar baya da ƙafarta dabam, ga sitabilaiza gaba da baya. Wagon mai layin kujeru uku, wadda aka yi don ɗaukar mutane da kaya, gatari guda aka sa mata a baya, da sifirin mai naɗi bibbiyu a kowane gefe. Akori-kura kuwa sifirin mai falle-falle aka ba ta, irin na babbar mota. Watau injiniyoyin kamfani sun duba nauyin da kowacce za ta ɗauka, sa'an nan suka auna sifirin da shokozoba da sanda da taya, gaba da baya, suka daidaita su. Wanda ya taɓa ɗaya daga ciki ya taɓa sauran duka, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu motocin da suka gaji Fijo a tasha su ne irin su Volkswagen Sharan da Golf 3 da bas ɗin Toyota Hiace, yawancinsu 'yan Kwatano, waɗanda sun sha aiki a Turai kafin su iso nan. Sharan ta fara fitowa a 1995, kujera bakwai aka yi mata. Golf 3 kuwa tun 1991 take, kuma ita gatarinta na baya an ƙera shi ne yadda shi kansa zai riƙa murɗewa yana yin aikin sitabilaiza. Mota mai waɗannan shekaru, in tana tangaɗi, abin da ya fi kusa shi ne robobi sun mutu, shokozoba ya tsiyaye, sifirin ya gaji. Sirantar sanda ita ce ta ƙarshe da za a zarga.

Abin da ƙarin kauri ke jawowa

Mai karatu zai yi mamakin yadda ɗan ƙarin kauri ke sauya ƙarfin sandar nan. A lissafin injiniyoyi, in an ninka kaurin sanda sau biyu, taurinta wajen murɗiya yakan ninku sau 16. Saboda haka wanda ya cire sanda mai kaurin milimita 16 ya sa mai 19, a ido bambancin bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, amma ya kusa ninka taurin sandar bayan motarsa. Haka nan daga 20 zuwa 24.

Sa'an nan ga babban abin da masu ba da shawarar nan ba su cika faɗa ba. Idan mota tana cikin kwana, nauyinta yakan tashi daga tayoyin ciki ya koma kan na waje. Yawan nauyin da ke komawa ya dogara ne ga nauyin motar, da tsayin inda nauyin ya taru daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da gudu, da tsananin kwanar. Sitabilaiza ba ta kawar da wannan nauyi. Abin da take yi shi ne ta raba shi tsakanin gaba da baya, kuma ɓangaren da sandarsa ta fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi yawa.

Tayoyi biyu kuwa kamar 'yan dako biyu ne da suka kama buhu ɗaya. In sun raba nauyi daidai, za su kai shi inda ake so. In ɗaya ya sakar wa ɗan'uwansa, ba za su yi nisa ba buhun zai faɗi. Haka tayoyin baya suke: da zarar an ƙara taurin sandar baya, tayar waje ta sha nauyi fiye da kima, ta ciki ta kusa barin ƙasa, riƙonsu su biyu ya ragu. Sakamakon haka bayan mota ne zai fara sulɓewa kafin gaba.

Kamfanonin mota da gangan suke daidaita motocin jama'a yadda gaba ne zai fara sulɓewa in an wuce ƙa'ida. Dalili kuwa shi ne, in gaba ya ƙi bin kwana, direba yakan ɗaga ƙafa daga totur don tsoro, gudu ya ragu, taya ta sake kama hanya. Amma in baya ne ya kwashe, ɗaga ƙafar nan ko taka birki shi ke ƙara dagula al'amari, domin nauyi yana komawa gaba, baya ya ƙara sauƙi, mota ta juya ta ba hanya gefenta. Mota mai tsayi in ta tafi a karkace ta daki bakin kwalta ko ta shiga yashi, sai kifewa.

Masu tsere a Turai da Amurka suna ƙara kaurin sandar baya ne da saninsu, musamman a motocin da tayoyin gaba ke ja, waɗanda nauyinsu ya fi yawa a gaba. So suke bayan motar ya riƙa juyawa da sauri a kwana. Amma direba ɗaya ne a ciki, da hular kwano, a fili mai sumul, ba tirela a gabansa, ba shanu a hanya. Ina wannan, ina Sharan cike da mata da yara tana gangara Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, ƙafar direba a kan birki, ga ruwan damina a kan kwalta? A gangare irin wannan dama bayan mota ya riga ya yi sauƙi, sanda mai kauri kuwa sai ta ƙarasa shi.

Har ila yau akwai wata illa. Kwanciyar da mota ke yi a kwana gargaɗi ce ga direba, ita ke gaya masa ya kusa iyaka. In an danne ta da ƙarfe, sai ya ji motar tamkar an kafe ta, ya ƙara wuta, alhali kuwa riƙon taya bai ƙaru yadda yake zato ba. A lungunan unguwa da hanyoyin ƙauye kuma, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, taya ɗaya takan faɗa rami ɗaya tana tudu. Sanda mai tauri takan ɗauki duk wannan jijjiga ta zuba wa fasinja, ta kuma riƙa fizgar maɗaurinta har wata rana ta tsage shasi.

Lodi shi ne tushen cutar

In za a faɗi gaskiya, yawancin tangaɗin motocin haya daga tasha yake farawa. A ɗauki misali: fasinja goma, kowanne kilo 65, sun tashi kilo 650. A ƙara buhun masara ko wake uku masu kilo ɗari-ɗari a but, wanda aka bar shi a buɗe aka ɗaure da igiya. An kusa tan guda ke nan a kan motar da aka yi don mutum bakwai da jakunkunansu. Abin da aka ɗora a bisa rufi kuwa ya fi kowanne haɗari, gama yana ɗaga nauyin motar sama, kamar mutum ya miƙe tsaye a cikin kwalekwale.

Ba a nan ƙasar kaɗai aka ga haka ba. A shekarar 2001 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta yi gargaɗi game da bas-bas masu kujera 15, bayan bincikenta ya nuna cewa in mutum goma ko fiye suna ciki, yawan kifewarsu ya kusa ninka na marasa lodi sau uku. Waɗannan fa ba su ma wuce adadin kujerunsu ba, balle a ce an yi musu obalodi.

Gudu shi ne na biyu. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi. Wanda ya shiga kwana da gudun kilomita 85 a sa'a, ƙarfin da ke tura shi ya ninka na wanda ya shige ta da 60. Wanda ya shiga da 120 kuwa, nasa ya ninka na mai 60 sau huɗu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta ƙayyade wa tasi da bas kilomita 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanyoyi na gudu, 50 a cikin gari. Babu sandar da aka taɓa ƙerawa wadda za ta maye gurbin wannan ƙa'ida.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana

A 1960 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da wata mota mai suna Chevrolet Corvair, injinta a baya. Ba a sa mata sitabilaiza ta gaba a cikin kayanta na ƙa'ida ba, sai aka dogara ga iskar taya, aka ce a sa awo 15 a gaba, 26 a baya. Masu mota da masu faci da yawa ba su kula da wannan ba, aka yi ta kai ƙarar kamfanin cewa bayan motar yana kwashewa. A 1964 aka sa mata sandar gaba, a 1965 aka sauya ƙafar bayanta ɗungum. A wannan shekara ce lauyan nan Ralph Nader ya buga littafin da ya tona batun, a 1966 kuma Amurka ta yi dokar lafiyar motoci. Ko da yake binciken gwamnati na 1972 ya ce Corvair ba ta fi sa'o'inta haɗari ba, sunanta ya riga ya ɓaci.

Haka kuma a watan Oktoba na 1997 waɗansu 'yan jarida a ƙasar Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class, suka yi kamar suna kauce wa dabba a gudun kilomita 60 ko kusa da haka, sai ga mota ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage mata tsayi, ya sauya taurin ƙafarta da tayoyinta, ya kuma sa mata na'urar ESP, wadda ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta in ta ji mota za ta juya. Tun daga Nuwamba 2014 wajibi ne kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai ta zo da wannan na'ura. To, in masu injiniyoyi da filayen gwaji sun yi tuntuɓe a kan daidaita gaba da baya, ai bai kamata a yi shi da ka a gindin bishiya ba. Tsofaffin motocin tasha da yawa kuma ba su da na'urar da za ta cece su.

Abin da ya kamata mai mota ya yi

Da farko a ɗaga motar a duba ko sandunanta suna nan, domin 'yar Kwatano ko ta hannu tana iya zuwa an riga an kwance mata. In babu, a nemo irin tata daidai. Wanda ke Legas yana kusa da Ladipo, na Ibadan ga Agodi Gate, na ƙasar Ibo ga Nkpor da Nnewi, a Arewa kuma ga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. A tafi da lambar shasi, a kuma auna kaurin sandar da ma'auni, kada a dogara ga ido.

Na biyu, a sauya robobi da linkej, hagu da dama tare, a ƙarasa ɗaure su bayan an sauke motar a kan tayoyinta. Kada a shafa wa roba baƙin mai, cinye ta yake yi. Sandar da ta karye kuwa ba ta waldawa. A masana'anta an gasa ƙarfenta an sanyaya shi da ƙa'ida don ya riƙa murɗewa yana dawowa, wutar walda tana kashe wannan hali, sai ta sake karyewa a gefen ɗinkin, wataƙila a tsakiyar kwana. Rodin gini ma ba ya zama madadinta.

Na uku, a duba shokozoba da sifirin da taya. Akwai takarda a jikin ƙofar direba ko murfin tanki mai nuna awon iska na mota wayam da na mai lodi, a bi ta. In taya biyu kaɗai aka iya saye, a sa sababbin a baya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Akwai kuma ƙaramin faranti a jikin mota mai nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka, mai motar haya ya karanta wa direbansa shi, ya kuma rage masa abin da yake nema a kawo masa, gama sau da yawa matsin maigida ne ke sa yaro yin obalodi.

In an yi duk wannan mai mota yana son ƙari, ba a ce haramun ba ne. Akwai sandunan da aka ƙera musamman don kowace irin mota, waɗansu gaba da baya a haɗe don kada daidaito ya ɓaci, kuma motoci masu tsayi irin akori-kura sukan amfana da su. Sai dai a ƙara kaɗan, a sa wanda ya san aikin ya ɗaura, sa'an nan a gwada a fili da ƙaramin gudu, wayam da kuma da lodi, kafin a ɗauki ran kowa a ciki.

Masu shirin zuwa gida su tuna ba a fafe gora ranar tafiya. A kai mota gareji tun da sauran mako biyu, a tsaya a kanta a ga abin da aka cire da abin da aka sa. Kayan da ya yi yawa a ba babbar mota ta kai, ya tarar da mai shi a Gombe. Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya, amin.